Ranar da Inji Ya Cinye Mini Babbar Riga

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga ɗakin inji da babbar riga ba. Ina da injin casar shinkafa kusa da Watari, kuma babba a cikin ma'aikatana shi ne Malam Iliya, dattijo mai iyali da yawa, wanda ba shi da wata kadara sai ƙarfin hannunsa.

Wata kaka aka turo mana wata ma'aikaciya daga birni ta tara masu injuna ta yi mana bayanin inshorar ma'aikata: ka yi wa mutanenka rajista, kana zuba wani abu, in wani ya ji rauni a bakin aiki a biya masa magani da diyya. Ni kuwa na gaji da masu zuwa da jaka. Na miƙe na ce, "Hajiya, mu nan da tawakkali muke aiki. A injina ko ƙwarzane ba a taɓa yi ba. Ki zo gobe ki gani." (Har tafi aka yi mini, Allah Ya yafe wa masu tafin.)

Washegari, tun da baƙuwa ce, ai ba za a tarbe ta da kayan aiki ba. Na ciro shaddata ta sallah, na kafa hula, na ce wa Malam Iliya ya matsa, yau mai inji ne zai nuna aiki da kansa.

Ina cikin bayani, ina yarfa hannun riga kamar mai wa'azi, sai bel ɗin inji ya cafke gefenta. Ji na yi an fizge ni. "Wayyo Inna!" na ce (ni da nake da jikoki). Malam Iliya ya daka tsalle ya keta rigar ya ture ni, ƙarfen da ke juya bel ɗin ya daki hannunsa. Aka kashe inji. Ga ni zaune cikin dusa, daga ni sai singileti da tsohon wandon da na ɓoye a ƙarƙashin shadda, mata masu jiran casa suna rufe baki da mayafi.

Baƙuwar ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi, "Alhaji, yanzu wa zai ciyar da gidan wannan bawan Allah?"

Karaya ce Malam Iliya ya samu a hannun. Na yi ta jigila da shi tsakanin mai ɗori da asibiti har na gaji, amma hannun bai koma daidai ba, ko buhu ba ya iya ɗagawa. Ina kai masa hatsi gwargwadon iko, shi kuma duk lokacin da na kai sai ya russuna ya ce, "Allah Ya saka da alheri, Alhaji." Da a ce na yi masa rajista, da haƙƙinsa zai karɓa, ba sai ya gode wa kowa ba. Wallahi wannan godiyar ta fi zaman cikin dusa ciwo.

Sauran ma'aikatan duk na yi musu rajista. Yanzu in baƙo ya zo, daga bakin ƙofa nake tsayawa, bakina kuma a rufe.