Ranar da Aka Ambaci Maƙalata a Turai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka fara ambaton maƙalata a ƙasar waje ba, kuma ko na so mantawa abokan aikina ba za su bari ba.

Ni malamin jami'a ne a Wudil, fannina nazarin ƙwayoyin halitta. Bincikena a kan cututtukan da kaska ke ɗauke da su ne. Duk Juma'a ina kara, wato kasuwar shanu, ina bin shanun mutane ina ciro kaska da hantsaki, dillalai suna kallona kamar mai taɓin hankali. (Har yau wasunsu "Malam mai kaska" suke ce mini.) Na sha rana, na sha ƙura, wata saniya ma ta taɓa shurina a gwiwa. Da ƙyar da siɗin goshi na haɗa maƙala, wata mujalla ta buga.

To, a aikinmu bugawa kaɗai ba ta isa. Sai wasu masana sun ambace ka a nasu rubutun, kuma ana duba wannan idan ka nemi ƙarin girma. Tawa kuwa shekaru suka yi ta wucewa babu wanda ya kula ta, sai ni da nake ambaton kaina. Waɗanda na koyar da hannuna suka fara wuce ni. Wallahi na gaji.

Ana haka wata safiya saƙo ya shigo wayata, wai wasu masana a Turai sun ambaci aikina. Maƙalarsu ba ta buɗuwa sai an biya, don haka sunana kawai na gani. Ya ishe ni. Kafin azahar kowa a sashenmu ya ji labari.

A makon ne nake da gabatar da bincike gaban malamai da ɗalibai, har da Farfesa shugaban sashe, wanda shi zai sa hannu a kan ƙarin girmana. Dakta Rabi, wadda muke ofis ɗaya, ta samo cikakkiyar maƙalar ta hannun wata ƙawarta. Ta tare ni a ƙofar ɗakin taro.

"Dakta, ka karanta kuwa? Da ka tsaya mun yi magana tukuna."

"Sai an tashi, Dakta. Ke dai in na yi miki alama ki haska mana ita a majigi."

(A raina cewa na yi hassada ce. Allah Ya yafe mini.)

Na yi jawabi har da ɗaga murya, sannan na yi mata alama. Ta dube ni, ta danna. Ga sunana nan ɓaro-ɓaro a bango, ɗalibai suka ɗauki tafi. Don neman suna na juya wajen Farfesa na ce, "Ranka ya daɗe, ko za ka karanta mana da kanka?"

Ya gyara tabarau ya fara. Tun bai kai tsakiya ba na gane ba yabo ba ne. Turawan cewa suka yi da alama kaskar da na yi aiki da ita ba ta samu isasshen sanyi ba, ƙwayoyin sun lalace, saboda haka ba a dogara da sakamakona. Misali suka kawo da ni na abin da ya kamata a guje wa. Kuma ba su yi mini ƙarya ba, don a firizar matata nake ajiyewa a gidanmu na Sabon Gari, tsakanin zoɓo da kifi, wuta kuwa kun san halinta.

Farfesa ya cire tabarau ya ce, "To, Dakta, ambato dai an ambace ka."

Ƙarin girma aka ce in jira wani zagayen, ina nan ina jira. Abin takaicin, tun daga lokacin wasu masanan suka yi ta ambatona, duk don jan kunne, har ta zama maƙalata mafi shahara. Darasin da na koya shi ne, in ka ji an kira sunanka, ka fara jin me aka ce kafin ka tara jama'a. Yanzu in irin wannan saƙon ya shigo sai na kulle ofis nake buɗewa.