Giram Hamsin na Cukun Tabawa

"...da sauƙi dai, mijina. Kai ne ba sauƙi, ka zo hannu rabbana."

Haka Tabawa ta amsa gaisuwar jikanta Ɗantala, tana kwance a rumfa a gidansu na Ibohamane. Tsohuwar ta rame har zobe na zamewa daga yatsanta. Likita ya ce kullum a daka mata cuku giram hamsin a fura, ita kuwa ta rantse ludayi guda take ci, cike. Shi ya sa Ɗantala ya zo da ɗan ma'aunin da ya saya don tafiya haƙar zinari arewa, motarsu kuma jibi za ta tashi. Zuwa can da sauƙi, dawowar ce ba tabbas.

"Tsohuwa, kawo ludayin nan in gani."

"Ka auni cuku kama da zinari? Wagga rowa taka ta sa 'yan mata sunka ƙi ka."

"Ni da nike da mata mai haƙori biyu, mi zan yi da su?"

"Uku ne, makaho."

Ta miƙo ludayin, manyan ɓarin cuku sun yi tozo a kai. Ya juye a ma'auni, ya tsaya kallon lambar.

"Ashirin da biyu. Tabawa, iska kika ci!"

"Injin naka ƙarya shikai, kama da mai shi."

Ya jawo turmi ya daka cukun ya yi gari, ya cika ludayin ya shafe bakinsa, ya sake aunawa.

"Hamsin da ɗaya. Dakakke shi ne ludayi. Naki rabi rami ne."

"Yaro, shekara sittin ina yin cuku. Kai za ka gwada min inda iska ke ɓoyo cikin ludayi?"

Nan ya bar wasa, don ya gane da gangan take yi. Tsoro ya kama shi.

"To, ina sauran?"

Ta zaro ƙunshin tsumma daga ƙarƙashin tabarma ta jefa masa.

"Guzurinka ne. Cuku ba shi ruɓewa bisa hanya. Na san ka, raggo, kwana guda ba hura sai su yada ka cikin rairayi."

"Ki kashe kanki don in ci? Wa zan iske in na komo?"

"Kabari. Ba shi zagi, kai ka huta."

Ɗantala ya ɗora ƙunshin a ma'auni.

"Ɗari huɗu da hamsin. Ji nan, tsohuwar banza. Duk ranar da kinka shanye hamsin daga ciki gabana, in ƙara kwana. Ranar da kinka yi min wayo, in hau mota."

"Kwana nawa ke nan?"

"Tara."

Ta ƙidaya a yatsunta a hankali. Sai ta yi dariya, tari ya sarƙe ta, ya riƙe ta har ya lafa.

"Ka ci ni, ɗan nema. Dama hurar, zuba shi duka." Ta share bakinta da gefen zane. "Tara sun isa. Da ma ban so wani ya gina min ramin, sai kai."