Ranar da Na Yi wa Gatawa Damina

Shekarar da fari ya ƙone gero a garin Gatawa, ni aka ba aikin rubuta manhajar famfon sola na sabuwar burtsatse. Murna kamar ta kashe ni! Na'urar ƙarama ce, don haka na umarci linka, mai harhaɗa sassan manhaja, ta zubar da duk sashen da ba ta ga ana kira ba. Manhaja ta shige daidai, har na tafa wa kaina.

Ban tuna na ce ta bar mini sashe ɗaya ba, wanda ke kashe famfo in tanki ya cika.

Ranar buɗewa na sha babbar riga, na ce wa Ardo, shugaban makiyaya, "Baffa, yau za ni nuna muku aikin ilimi."

Tanki ya cika, famfo ya ƙi tsayawa. Ruwan da mata ke layinsa tun safe ya kwararo a kaina, suna salati, ina lalubar makunni, riga na jan taɓo.

Ardo ya ce, "Malam, wata ukku muna roƙon ruwan sama, ashe kai ka ɓoye shi!"

Har yau, da hadari ya watse sai a ce, "Ku kira Malam Damina shi taɓa na'ura."