Takardar da Ta Sha Man Ƙosai

A gidanmu na Morris Heights, babu wasiƙar da ke shigowa ba ta bi ta hannuna ba. Ban yi boko ba, amma ina da ido, kuma na san 'yan damfarar garin nan.

Wata Alhamis aka kawo faffaɗan ambulan. Na buɗe, sai ga takarda mai kauri da sunan 'yata Hadiza, wanda shi kaɗai nake ganewa a rubuce. Na gwada ta da shaidar akantancinta ta Kanada da ke rataye a bango: waccan jan hatimi, wannan shuɗi. Na ce, "Ni za a kawo wa jabu?" Da yake mai kauri ce, na shimfiɗa ta a faranti na tsane ƙosai a kai.

Da yamma Hadiza ta dawo tana dube-dube. "Mama, ba a kawo mini saƙo ba? Litinin zan kai shi sabon wurin aikina."

Na nuna bango. "Ga ta gaske nan."

"Ai an soke wannan! An haɗe ƙungiyoyin akantoci, yanzu shaida ɗaya ce ga kowa."

Ƙanena Sani ya ɗaga ƙosan ƙarshe, ya leƙa ƙarƙashi. "Yaya, shuɗin hatimi gare ta?"

Da ƙyar ofishin suka jira aka aiko mata wata. Har yau in na yi suya, Sani sai ya leƙa faranti ya ce, "Babbar Akanta, yau karatun wa za mu ci?"