Ranar Da Na Durƙusa Wa Tulu

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na zo gida Sakkwato ba, shekarar da aka sami 'yancin kai. Ina karatu a jami'a can Kudu, En'e, wato hukumar gargajiya, ke ɗaukar nauyina, lissafi kuwa ya sa ni gaba. Malaminmu ya ce in zaɓa: ko in koma sashen tarihi in maimaita shekara, ko in zauna jarrabawa, in na faɗi a rubuta a takardar sakamakona har abada, En'e ta janye hannunta.

Ni tarihin nake so. Amma Baba ya riga ya gaya wa duk 'yan layin atamfa a kasuwa cewa ɗansa injiniya ne, shi zai yi gadar da Turawa suka kasa.

(A lokacin na haddace ƙananan littattafan soyayyar nan na kasuwa, inda saurayi ba ya faɗin magana sai ya dafa ƙirji.)

Sai na ce bari in gwada jawabin da zan yi wa Baba tukuna. Da hantsi, bayan Baba ya fita, na ɗora tsohuwar hularsa a kan tulun zaure, na durƙusa.

"Baba," na ce wa tulu, "lissafi ya karya zuciyata. In ka kore ni, zan bi duniya da ƙafa. Ka gaya wa Hadiza kada ta jira ni, ta yi kuka kaɗan ta haƙura."

Hadiza 'yar maƙwabtanmu ce a unguwar Gawon Nama, ko gaisuwar kirki ba mu taɓa yi ba. Na manta ranar kitso ce, mata cike a bayan zana, ita ma tana ciki. Dariyar da ta tashi, har kaji suka watse.

Na juya zan gudu, sai ga Baba a bakin ƙofa, ya dawo ɗaukar mabuɗin shago. Ya dube ni, ya dubi tulu.

"To, mi yac ce maka?"

Sai na zayyana masa komai, har da maganar komawa tarihi.

"Tarihin nan, shi ma karatu na?"

"E, Baba."

"Suna korar ka in ka koma can?"

"A'a, shekara ɗaya kawai zan ƙara."

"Shi ke nan? Wanga ad dalilin ramewarka? Tahi ka yi tarihi. Gada kau, masu kwalekwale sun gode maka." Ya cire hularsa daga kan tulu, ya kakkaɓe, ya fita.

Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Na koma tarihi, sakamakona ya fito ba tabo.

Hadiza kuwa, har yau in na shigo gida fuska a ɗaure, sai ta ce, "Maigida, in kawo tulu ne?"

Tun daga ranar, magana mai nauyi nakan kai wa mai ita kai tsaye. In kuwa dole sai na gwada, nakan leƙa bayan zana tukuna.