Faifai a Kwandon Ƙwai

"Lafiya lau na iso, ganin fuskarka ne dai ya ɓata min safiya," in ji Sitti Ihsan tun daga ƙofar shagona na gyaran kwamfuta, rungume da kwando sai ka ce mai jego.

Da jikanta Hazim take, wanda ke zaune a shagon. Yaron nan na gaya masa har bakina ya gaji, ba a goya laftof a babur tana kunne, faifan cikinta juyawa yake yi, jijjiga kaɗan ta kashe shi. Bai ji ba, ramukan titin Mansura suka yi masa hukunci, ya kawo min gawa wai in gyara. Abin da ya hana shi sukuni shi ne muryar marigayi kakansa na ciki, waƙoƙin tsinkar auduga da ya kwashe daga tsofaffin kaset kafin su lalace. Saura kwafi ɗaya tak, a wani faifan ajiya mai girman sabulu da ya manta a ƙauye wajen tsohuwar.

"Sitti, ai na ce ki jira in zo in ɗauka!"

"A babur ɗin nan naka? Allah ya ɗauke min miji sau ɗaya na haƙura, ba zan bari kai ka maimaita ba."

"To ina faifan? Ni ƙwai nake gani. Talla kika zo?"

"Tona dai, mai kunnen ƙashi."

Ya tona. Can tsakiyar ƙwan, cikin ƙaiƙayi, sai ga shi naɗe a tsohon rawanin marigayin.

"Innalillahi! Cikin ƙwai? So kike ya ƙyanƙyashe?"

"In ya ƙyanƙyashe ya fi ka hankali sai in canza jika. Ba kai ka ce ba ya son jijjiga ba? Ni ban san tasa ba, ta ƙwai na sani. Na ce in ƙwai ya iso lafiya, shi ma ya iso."

"Direban bas bai jefa miki shi saman mota ba?"

"Ya gwada, yana can yana jinyar kunnensa. A hannuna ya zo, duk ramin da na hango sai in ɗaga shi sama. Ka ga har yanzu hannun rawa yake."

"Tsufa ne, Sitti. Ai ke kika dafa wa masu ginin dalar sarakunan zamanin da shayi."

"Na dafa, kuma ko kofi ɗaya ban fasa ba. Kai fa? Wanda bai ji bari ba ya ji hoho."

Hazim zai rama, sai yatsansa ya taɓo danshi. Ya ɗago ƙwai ɗaya tsagagge. Tsohuwar ta ƙura wa ƙwan ido.

"A kan gada ne," ta ce a hankali. "Ban hango ramin da wuri ba."

Na karɓi faifan na jona shi da kwamfutata da bismillah. 'Yar fitilarsa ta ƙifta, ya ɗan yi gurnani. Can sai ga tsoho ya gyara murya ya ja waƙa, daga bayansa wata mace tana ta faɗan shayinsa zai huce.

"Kin ji ki ko? Tun lokacin kike masifa!"

"Rufe min baki, maigida na waƙa." Hawaye take, tana murmushi, tana ta alhamdulillahi.

Hazim ya sunkuya ya sumbaci goshinta. "Na sallama, Sitti. Allah ya bar mana ke."

"Amin. In na tafi wa zai riƙa gyara ɓarnarka?"

Ta turo min kwandon gaba ɗaya, wai ladan hannuna, shi kuma ta miƙa masa tsagaggen.

"Ungo naka, kanku iri ɗaya ne."

Ya kwashe da dariya, ya tallafe shi da hannu biyu. Ranar na fara ganin Hazim ya riƙe abu a hankali.