Kalmar Sirrina a Jikin Bango

Ba na jin zan taɓa mantawa da hutun daminar da makarantarmu ta tara mu, 'yan mata goma sha biyu, don koyon Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta. Abin da idona ya fara sauka a kai ranar farko shi ne kwamfutocin, kowacce an ɗora ta a kan bulo biyu saboda ruwan da ya shigo ɗakin bara (a Haɗeja ko kwamfuta sai ta san da zaman kogi).

Malama Bilki ta ce mu manta da hotunan da muka saba dannawa, a nan baƙin allo ne, ki rubuta umarni, kwamfuta ta bi. Ta ce a ƙarshe za ta zaɓi mutum uku su riƙa kula da ɗakin in an dawo hutu. Ina son shiga ukun nan sosai, don gidanmu babu kwamfuta, waya ma ta Baba ce. Sannan ta sa kowa ta zaɓi kalmar sirri, jimla doguwa wadda ba za ta manta ba. Na zaɓi wadda ta fi kusa da zuciyata.

Sati biyu ina ratsa taɓo in zo da gefen hijabi a jiƙe, in zauna ina gyaɗa kai. Falmata, wata 'yar garin Malam Madori da ke kusa da ni, sai ta yi tambaya goma kafin azahar. Ni kuwa in saci kallon allonta in kwafa, har da kuskurenta. Na san ƙusoshi nawa ne a bencinmu, na san fankar ɗakin tana ƙara sau biyu kafin ta juya, amma ban san me nake rubutawa ba. Malama ta ɗauka shiruna na ganewa ne.

Ranar da muka zo kan umarnin da ke ba mutum ikon shugaba a kwamfuta, sai ta ce a haɗa tawa da majigi kowa ya gani, wai ni ce ba na ba ta wahala. Na rubuta umarnin daidai. Kwamfuta ta nemi kalmar sirri. Ashe a baƙin allo in kina rubuta ta ko ɗigo ba ya fitowa (Malama ta faɗa, lokacin ina ƙirga ƙusoshi). Na rubuta, ban ga komai ba, na danna maɓallin Enta. Kwamfuta ta riga ta karɓa, ni ban sani ba. Na ce a raina madannan sun lalace, na sake rubutawa da ƙarfi, kaina a sunkuye, na sake dannawa.

Shirun ɗakin ne ya sa na ɗago. A jikin bango, da haruffa manya kamar tafin hannu: wallahibanganekomaiba. A ƙasa kwamfuta ta amsa da Turanci cewa ba ta san wannan umarnin ba.

"Ita ma ba ta gane ba," in ji Falmata.

Aka yi ta dariya har wata ta kifa kai a tebur. Malama ba ta yi ba. Bayan an tashi ta kira ni, ta tambaye ni tun yaushe. Na ce tun ranar farko. Ta buɗe littafinta, na hango sunana a saman jerin waɗanda za ta zaɓa, ta ja layi a kai ba tare da faɗa ba.

"Haba 'yata, sati biyu kina gyaɗa min kai. Wuyanki bai gaji ba?"

Ya gaji kuwa. Ranar na gane cewa ɓoye rashin sani ya fi koyon abin wahala, kuma ba a samun komai da shi sai ciwon wuya. Sai na dube ta na ce:

"Malama, don Allah ki nuna min yadda ake canza kalmar sirri. Sannan in ba damuwa, mu koma ranar farko."